Tayil Mai Nauyi a Bangon Banɗakin Inna

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Asabar, mu uku ne tsaye a banɗakin gidan da ma'aikatarmu ta ba ni bayan an taso mu daga Legas zuwa Abuja: ni, da mai sa tayil, da wani ɗan kasuwa Bakano mai shago a Idu, wanda ya kawo kayan da kansa.

Tayil ɗin na daɓen ƙasa ne, mai kauri da nauyi. Na bango ya yanke a kasuwa, don kowa gini yake yi. Ni kuwa Inna, mahaifiyata, za ta dawo wurina da zama, kuma na san a kan 'yar kujera take wanka, in za ta miƙe sai ta dafa bango. Duk abin da aka manna a wurin, a kanta zai rataya.

Ɗan kasuwar ya bugi buhun da ya kawo. "Yallaɓai, gam ne na waje. A kwaɓa da ruwa, a shafa. Ko dutse ka manna sai ya zauna."

Mai tayil ya yi dariya. Hausarsa ta Abuja ce. "Oga, Alhaji yana so ya sayar kaya ne. Siminti da yashi, a jiƙa tayil ya kwana. Haka babana ta yi."

Ɗan kasuwar ya ce, "Babanka ya taɓa ganin banɗaki mai bango?"

"Ya gani, Alhaji. Naku ne na zana."

Ban yi dariya ba. Na farko, a mota ɗaya suka zo. Na biyu, mai tayil ne ya nuna mini shagon. Na uku, musun nasu ya cika daɗi. Na ga irinsa a Legas, a yi faɗa a gabanka, a tafa a bayanka. Rubutun jikin buhun kuma ba Turanci ba ne, balle in tantance.

Na ce a manna guda biyu kawai, ɗaya da gam, ɗaya da siminti. Da suka bushe na ja layi da fensir a ƙarƙashin kowanne, don in ga wanda zai zame. Na riƙa watsa musu ruwa safe da yamma. Banɗakin kuma na kulle shi, kada wani ya zagayo ya gyara nasa. Na koma wanka a kewayen baya.

Wata rana ina cin abinci na ji ƙara. Na gam ne ya faɗo, ya tsage a daidai inda kujerar Inna za ta zauna. Har na fara shirya maganar da zan faɗa wa ɗan kasuwa, sai na juya tayil ɗin. Gam bai saki ba. Filastan bangon ne ya biyo shi, har da fenti. Na murza da yatsa, ya zube kamar gari. Na dafa na siminti da ƙarfi, shi ma ya taho da nasa filastan.

Ashe bangon ne. Cikin gaggawa aka gina gidajen nan, yashi ya fi siminti yawa, fenti ya rufe.

Na kira su. Wannan karon bakinsu ya zo ɗaya: a kankare har bulo, a yi sabon filasta mai ƙarfi, ya bushe sosai, sannan gam. Haɗuwar bakin nan ma ba ta kwanta mini ba, don haka na tsaya a kan kwaɓin da kaina. Na kuma hana tayil wuce ƙugu. Daga nan zuwa sama fenti ne. Sai da na jijjiga kowanne kafin na aika a ɗauko Inna.

Mai karatu, in kana zaune a irin gidajen nan na farkon tasowa, ina roƙonka ka ɗauki ƙusa ka karci filastan banɗakinka. In yashi ya zubo, kada ka bari a manna masa komai sai an kankare shi.