Gyaran Banki da Albashina na Farko

Mu mutanen Aliero ba a sayar mana da abu a rufe. Tun ina ƙarami Baba ya koya mini cewa fuskar buhu ƙarya take yi, manyan albasa a sama, masu taushi a gindi. In za ka saya, ka zura hannu har gwiwa ka ciro ta ƙasa, ka matsa wuyanta. In an faɗi kuɗi ka taya rabi. In mai kaya ya ƙi, ka juya ka kama hanya, zai kira ka. In an daidaita kuma, kada ka ɗaga sai an yi maka gyara, wato 'yan ƙwayoyin da mai kaya ke ƙara wa mai saye don a rabu da daɗi. Da wannan ilimi na sauka Ingila, a ƙarshen wata damina, na kama aikin jinya a wani asibiti.

Murna kam ba a magana. Motar bas ma in ta zo a kan lokacinta sai in tsaya ina murmushi ni kaɗai. Na ɗauki hoton ɗakina, da tagar, har da famfon ruwan zafi, na tura gida. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne albashin farko. A gidanmu albashin farko ba na mai aiki ba ne. Lokacin da yayana ya samu koyarwa a Jega, a ambulan ya kawo nasa ya ajiye gaban Baba, bai taɓa ko sisi ba. Baba ya yi addu'a a kai, ya raba wa dangi da malamai, kowa ya sa albarka. Ina gefe a ranar ina jin kamar in yi tsalle in girma. Yanzu ga nawa ya zo, kuma da kuɗin Turawa.

Da Baba ya raka ni tashar Jega bai yi mini doguwar nasiha ba. Ya riƙe ƙofar mota ya ce, "Abu guda nika hwaɗa ma. Kak ka bari kuɗɗin ruwa su taɓa gumin jikinka. In sun taɓa, kak ka aiko min." Na ce in Allah ya yarda. A raina ina ganin wannan ai mai sauƙi ne.

Ranar da na fara aiki, matar da ke kula da biyan albashi ta ce in kawo lambar asusu kafin ashirin ga wata, in ba haka ba sai watan gaba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Ni da na tashi a kasuwa, banki zai gagare ni? Ran hutuna na sa riga mai kyau na bi titin da bankuna suka yi layi, na kwashi takardun tallarsu, na dawo na baje su a kan gado kamar an kasa tumatir. Wannan ba ya cajin kuɗin wata, wancan yana da sauƙin tura kuɗi gida, wani kuma katinsa ne ya yi mini kyau, ba zan ɓoye ba. Daɗi ya cika ni, wai yau ni ne bankuna ke zawarci.

Na zaɓi ɗaya, aka ba ni rana. Wani saurayi mai naktaye a wuya ya zaunar da ni, ya faɗi abin da za su riƙa cira in na tura kuɗi Najeriya. Na girgiza kai, na taya rabi. Ya ce bai gane ba. Na ƙara masa kaɗan. Ya yi murmushi ya ce haka farashin yake ga kowa. Na ce a raina, haka kowane mai kaya ke cewa. Sai na miƙe na tattara takarduna, na nufi ƙofa a hankali, ina jan ƙafa, kunnena a baya. Na kai ƙofa, ta buɗe da kanta. Na fita na tsaya a bakin titi ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da na waiga ta gilashi, sai na ga har ya zaunar da wata tsohuwa a kujerata yana mata dariya. Na koma na ce na sake shawara, aka ce ranar da ta rage sai bayan mako uku. Haushi ya kama ni, kuma ban san wa zan ji haushinsa ba.

Kwana shida suka rage. Na faɗa bankin da ke gaba kamar an koro ni. A nan na samu wata dattijuwa mai furfura da tabarau, mai haƙurin gaske. Ta duba fasfo da wasiƙar asibiti, ta ce yau ɗin nan za a gama. Sannan ta ce akwai asusun da in na buɗe, albashina ya fara shiga, za su ba ni kyautar kuɗi, kuma kowane wata za su ɗan ƙara wani abu a kan abin da na bari a ciki. Na ji kamar in rungume ta. Ashe Bature ma ya san gyara! Ta miƙo takardu masu ƙananan rubutu a ƙasa ta ce in karanta. Ni ɗan mai albasa, da aka koya wa zura hannu har gindin buhu, na sa hannu ban karanta layi ɗaya ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a gida, na kira wayar yayana ya kai wa Baba. Suna bakin rudu, rumfar karan da muke ajiye albasa ta jira tsada, ina jin kukan awaki a bayansu. Na ba shi labarin saurayin da bai kira ni ba, ya yi dariya har da tari. Na ɗauki zafi, na ci gaba da labarin dattijuwa da gyaran da aka yi mini, ina ƙara gishiri. Sai na ji dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Gyara, mai kaya ka yi ma mai saye. Kai mi kas saye wurinsu?"

Na ce ban sayi komai ba, ajiya na ba su.

Ya ce, "Tau, ka taɓa ganin wanda anka ba ajiya shi ƙara ma mai ajiya dut wata? Ni ba malami na ba, ɗana. Amma abin da ban san uwatai ba, ba ni kai shi bakin danginmu."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙa wa yayana waya kawai. Na zauna a bakin gado kunya ta rufe ni, domin na san sunan abin tun a gaban dattijuwar, murna ce ta sa na laƙaba masa wani. Na ɗauko takardun na karanta har ƙasa, ga shi nan ɓaro-ɓaro, kuɗin ruwa ne.

Litinin da safe ina bakin bankin kafin a buɗe. Na ce wa dattijuwar ina son asusun da ba ya haihuwa, abin da na zuba shi zan tarar, kuma kyautar ma na yafe. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce shekarunta da yawa a wannan aiki, ba ta taɓa ganin wanda ya yi sammako don a rage masa ba. Na gaya mata zancen albashin farko da Baba. Ta ce nata uban a kan giya ya ƙarar da nata albashin farkon. Ta ce akwai irin asusun da nake so, ba sa tallarsa ne kawai. Wannan karon na karanta kowane layi da yatsa, ita kuma ta haɗa mini shayi ta jira. Na kai lambar ofis ana saura kwana ɗaya, ina haki.

Ranar da albashi ya shigo ina tsakiyar aiki. Waya ta yi motsi a aljihu, na leƙa, na shiga ɗakin ajiyar magani na yi rawa ni kaɗai. Na tura shi gida gaba ɗaya, watan nan da taliya da ragowar guzuri na ƙarasa shi. Yayana ya hau babur ya je Jega ya ciro, ya sa a ambulan kamar yadda aka saba, ya ajiye gaban Baba, ya kunna mini hoton waya ina kallo.

Baba bai taɓa ambulan ɗin ba. Ya dubi wayar ya ce, "Ka zura hannu har gindi?" Na ce na zura, Baba, ku yarda da ni. Sai ya ɗora tafinsa a kai ya fara addu'a. Na ga Inna a bayansa tana share ido da gefen mayafi, ni ma nawa suka cika. Aka raba. Aka kai wa gwaggona a Maiyama, aka kai wa malamin da ya koya mini alif a zaure, aka kai wa wata tsohuwa a Danwarai da ta taɓa goya ni. Kwana uku saƙonnin murya na shigowa, kowa na sa albarka, ina saurare a cikin bas ina washe baki.

Na tambayi yayana nawa Baba ya ɗauka, ya ce kuɗin irin albasa kawai. Bayan wata biyu, lokacin dashe, sai ga hoto daga fadama. Baba ne a tsaye da wandonsa a naɗe, ƙafafu duk laka, yana nuna wasu fangali huɗu, wato kwamin dashen albasa, da aka kafa wa kara a kusurwa. Saƙon muryarsa ya biyo baya.

"Ga naka nan na dasa. Wanga shina haihuwa, kuma halas na. Amma ba a cira tai ta waya, sai ka taho da ƙahwakka."

Na saurare shi sau uku a tsaye a tashar bas, har motata ta zo ta wuce. Washegari na je ofis na cike takardar neman hutu, na rubuta watan da ake cirar albasa.