Gawon Da Na Ce A Bari

Ana idar da sallar asuba muka ɗaura wa jakuna kaya muka bar Gagarawa, ni da maƙwabcina mai fataucin kanwa. Shi kasuwar Maigatari ya nufa. Ni kuwa wana zan bi, wanda ake tsare da shi a Gumel tun ranar da jirgin sama ya faɗi a gonarsa.

Gonar Yaya tana bayan Maigatari, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Da aka ce jirgin Turawa zai riƙa yada zango a can, ita aka zaɓa, aka umarce shi ya share ta kada ya bar ko kututture. Ya share, saura gawo ɗaya a bakin gonar ta gabas. Na kai masa ziyara a lokacin, na same shi yana wasa gatari. Ni na ce masa, "Haba Yaya, wa ke saran gawo? Geron gindinsa ya fi na ko'ina, ga awaki na cin 'ya'yansa. Abin da ke yawo a sama kamar shaho ai ba zai kasa kauce wa itace ɗaya ba." Ban taɓa ganin jirgin sama ba, amma ni mutum ne da ba ya rasa shawara, ko ba a tambaye ni ba. Yaya ya mayar da gatarinsa ɗaka.

Jirgin ya zo sauka ya faɗi. Matuƙin ya karye a ƙafa, Turawa biyun da ya ɗauko suka tsira da ƙujewa, kukunsu kuwa, wani mutumin Barno, ya cika nan take. Tun da labarin ya iso ni abinci ya daina yi mini daɗi.

Hanyar Gumel rairayi ce, ga zafin bazara, jakuna suna tafiya kamar an roƙe su. Mun tsaya shan ruwa a wata rijiya kusa da inda leburori ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Wani cikinsu ya rantse injin ne ya yi zafi, wai duk abin da ke da inji ruwa yake sha, a sama kuwa babu rijiya. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, har na saya masa goro.

Da la'asar muka shiga Gumel. Dogarin da ke gadi ya bar ni na ga Yaya. Ya rame, amma abin da ya fara tambayata shi ne ko na ci abinci. Bai ambaci gawo ba, ni ma ban ambata ba. Ya dai ce nan da kwana uku Baturen da ke bincike zai saurare shi.

A zauren mai masaukinmu aka kawo tuwon gero da miyar kuka, aka kuma kawo dalilai. Wani dattijo ya ce guguwa ce ta taso daidai lokacin saukar, ta juya jirgin kamar yadda take yi wa jinkar ɗaki. Mai gidan ya ce a'a, shamuwa ce, ai lokacin zuwanta ne, garke guda ya shiga gaban jirgin. Na tambaye su ko suna wurin. Babu wanda ya je, amma kowa ya san wanda ya je. Na karɓi dalilan biyu duka, don babu wanda ya taɓo gawo a cikinsu.

Washegari muka kama hanyar Maigatari, muka isa rana na tsaka. Kasuwar ta cika maƙil: raƙuma, gishiri da kanwa daga wajen Damagaram, ga kilishi mai yajin da ke sa mutum hawaye ba a yi masa komai ba. Furar anini a can ta fi tamu girma, sai dai tsami. Abokin tafiyata ya shige cinikinsa, ni na shiga neman waɗanda suka gani da ido.

Na samu biyu, suka ƙara dagula mini kai. Wani Buzu mai raƙuma ya ce an gaya wa matuƙin ya sauka inda ya ga hayaƙi, to ranar kowa na ƙona sharar gona, hayaƙi ya fi goma, jirgin ya yi ta kewaye yana laluben nasa. Wata mai tallar nono kuma ta ce ba haka ba ne, jama'a ne suka kwasa da gudu cikin filin don taryar baƙi, jirgin ya ɗaga don kada ya taka su. Na ce mata, "Baiwar Allah, to gawon fa?" Ta dube ni ta ce, "Ni dai ƙasa na kwanta, Malam, ban ga komai ba bayan nan."

Na isa gonar da dalili biyar a kaina, kowanne yana ture ɗan'uwansa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne jirgin kansa. Ina zaton ƙarfe ne zalla, ashe yawancinsa katako ne da zane da waya, kamar wata babbar rumfa da iska ta kayar. Sai na ɗaga kai. Babban reshen gawon na kudu ya tsage, ga ƙyallen fiffiken jirgin yana reto a jiki. Can gefe ga sabon kabari an jera masa ƙaya. Mutanen garin ne suka yi wa kukun sutura, ba wanda ya san sunan mahaifinsa. Na yi masa addu'a, kunya da tsoro suka rufe ni.

Na koma Gumel ni kaɗai. Ranar sauraro aka zaunar da Yaya a gaban Baturen, ga tafinta a tsaye. Aka tambaye shi don me ya bar itacen.

"Ranka ya daɗe, gawo ne," in ji Yaya.

Aka sake tambaya ko wani ne ya sa shi. Bai ko dubi inda nake ba. Ya ce, "Gonata ce, ni na bari."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ni ne na hana shi, har ya wasa gatari. Baturen ya sa a tambaye ni me na sani game da jirgin sama. Na ce ban taɓa ganin mai lafiya ba, sai wannan da ya faɗi. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, ban ga laifinsu ba.

Daga nan aka karanto bayanin matuƙin. Ya ce injin ya yi tari tun kafin ya iso, iska ta juya, hayaƙi ya kare masa gani, ya hangi mutane a filin, itacen kuma bai gan shi ba sai da ya zo kansa. Da aka tambaye shi wanne ne ya kayar da shi, ya ce bai sani ba. Na taso daga nesa don in ji ko ni ne ko ba ni ba ne, ga shi wanda ke riƙe da jirgin ma bai sani ba. Aka saki Yaya, da sharaɗin a sare gawon. Mu biyu muka sare shi, yini guda.

Muka bi ta Sule Tankarkar don Inna ta ga ɗanta da idonta. Na zauna zan jero mata dalilan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Shi wanda ya rasu, wa zai je ya gaya wa uwarsa?" Duk tafiyar nan ban ji wanda ya yi wannan tambayar ba, ni ma ban yi ta ba.

Na dawo Gagarawa kwana goma sha biyu bayan fitata, ban san abin da ya kayar da jirgin ba, kuma na daina sa ran sani. Abin da na koyo kaɗan ne: in mutum ya wasa gatarinsa a kan abin da ban taɓa gani ba, in bar shi. Jiya abokin tafiyata ya leƙo yana tambayata ko ya yi shuka yanzu ko ya jira ruwa na biyu. Na ce masa ban sani ba. Ya tsaya yana kallona, ya ce ko ba ni da lafiya. Na ce lafiyata ƙalau, amma in ya ji fataken da za su Barno ya sanar da ni, akwai saƙon da zan ba su.