Taguwar Mai Wuri

Jama'a, ni tela ne, kuma ba mutum ne mai son dogon surutu ba. Abin da zan faɗa muku ya faru da ni ne shekarun baya, lokacin ina da shago a kasuwar Sabon Gari, gidana kuma yana Samaru. Wallahi ba ƙari a ciki. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ba zan ja da shi ba, amma zan bi shi daki-daki yadda ya faru.

Akwai wata mata Kirista mai suna Saratu da take sayar da doya kusa da shagona. Wata rana da kaka, dawa ta fara nuna, sai ta zo mini da mahaifinta, Baba Nomau, wani dattijo Bamaguje daga wani ƙauye can bayan Samaru. Ya ajiye farin saƙi na hannu a kan teburina ya ce taguwa yake so, don telan da ya saba yi musu ya rasu. Da ya nuna mini tsawonta da faɗinta sai na yi dariya, na ce, "Baba, wannan mutum ne ko rumbu?"

Bai yi dariya ba. Saratu ce ta yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Ta ce a wurinsu akwai wani sarki na can da, tun kafin a san birni da ganuwa, ba a kiran sunansa, Mai Wuri kawai ake ce masa. Tsofaffi sun ce bai mutu ba, zama ya yi a cikin duwatsun bayan garinsu, har yau kuma yana nan. Duk shekara, kafin a ci sabuwar dawa, sai an sa wa dutsen da ya zauna a ciki sabuwar riga. Ta ce ita ta bar wannan tun da ta shiga coci, amma uba uba ne.

Baba Nomau ya ce kada in yi aljihu, kada in yi ado a wuya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ce to, aiki aiki ne.

Na yanka, na haɗa, na fitar da wuya. To duk telan da ya san sana'arsa, in ya gama wuyan riga ba mai ita a kusa, zura kansa yake yi ya ji ko zai wuce. Hannu ne yake yi tun kafin tunani ya zo. Haka na zura kaina, rigar ta sauko mini har ƙasa, na ji wuya ya yi daidai, na cire na ninke. Shi Baba Nomau manomi ne, bai san tela na yin haka ba balle ya hana, ni kuma ban san akwai abin tambaya ba. Washegari ya zo ya karɓa ya tafi.

Abu na farko da na lura da shi nauyi ne a kafaɗuna, kamar an yafa mini jiƙaƙƙen bargo. Na ce gajiyar keken ɗinki ce.

Na biyu a mota ya faru. Na shiga bas daga Sabon Gari zuwa Samaru da la'asar, mota cike, mutane na tsaye a bakin ƙofa, amma dama da haguna ba wanda ya zauna. Can wata mata ta harare ni ta ce, "Haba Malam, ka tattara rigarka mana, kai kaɗai ka cinye kujera!" Na duba jikina. 'Yar shara ce a jikina, ko gwiwa ba ta kai ba. Na ce, "Hajiya, wace riga?" Ta sake dubana, a tsayawa ta gaba ta sauka ba ta ko karɓi canjinta ba.

A gida kuma matata Hajara ta fara tsorona. Ta ce in ta kawo abinci ba na taɓawa sai ta juya baya, kuma ina yi mata magana da wata irin Hausa da ko kakarta ba ta yi. Na ce ƙarya take yi, har na yi mata faɗa. Ta ce, "Malam, shekara nawa muna tare, yaushe na taɓa yi maka ƙarya? Wallahi wani lokaci in ka dube ni ba kai ne kake dubana ba."

Abin da ya karya mini zuciya shi ne ranar da na fita zan je sallar azahar a masallacin layinmu. Ban san abin da ya faru ba, sai ganina na yi a bayan gari, na wuce gidajen ƙarshe na Samaru, ina cikin gonakin dawa, takalmana a hannu, ƙafafuna suna tafiya kamar sun san hanya. Innalillahi! Na zauna a ƙasa na riƙe karan dawa da hannu biyu ina karanta duk abin da na sani, har wani mai babur ya zo wucewa ya mai da ni gida.

Da safe na je shago na tarar da Baba Nomau yana jirana, da taguwar a hammata. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Wa ya sa rigar nan?"

Na ce, "Ba wanda ya sa, Baba. Wuya kawai na gwada."

"Da kan wa?"

Na nuna kaina. Ya ce, "Kai, yaro! Mun sa wa Mai Wuri ta zame, mun sake sa masa ta zame. Ya ƙi ta, don an riga shi. Rigar nan mai ita ɗaya ne. Wanda ya sa ta, can zai je ya zauna, kuma wanda ya zauna ba ya tashi. Tashi mu tafi tun ƙafarka ba ta kai ka da kanta ba."

Ni Musulmi ne, ban yarda da tsafi ba, har gobe kuwa. Amma na tuna gonar dawar nan, na tuna Hajara da 'ya'yana, na rufe shago na bi shi.

Rana tsaka muka isa. Wuri ne tsakanin manyan duwatsu da itatuwa, ƙasa fes kamar an share, ba kukan tsuntsu, ba ko ƙuda. A tsakiya ga dutse nan baƙi, ya fi ni tsawo, da kafaɗu kamar mutum a zaune, a gabansa kuma wani shimfiɗaɗɗen dutse. Ina ganin wannan shimfiɗaɗɗen sai na ji ba abin da nake so a duniya irin in zauna a kai. Har na fara sauka zan zauna. Baba Nomau ya damƙe mini hannu, tsoho amma kamar ƙarfe, ya ce, "In ka zauna ba ni da abin yi maka. Sunkuya kawai, ka miƙa hannuwa."

Na sunkuya. Ya yi ta magana da dutsen yana ba da haƙuri, yana cewa baƙo ne, bai sani ba. Sannan ya kama iska a bayan wuyana ya ja sama. Jama'a, wallahi tallahi ba komai a hannunsa, amma na ji ƙarar zane yana goga kunnuwana, idona ya rufe kamar yadda yake yi in riga na wucewa ta fuska, na shaƙi warin hayaƙi da tsohon gumi. Nauyin ya sauka. Ya warware taguwar ya sa wa dutsen, ta zauna daram.

A nan ne muka ji gyaran murya daga bayan dutsen, irin na babban mutum. Ba kowa a wurin sai mu biyu. Da baya da baya muka fita.

A hanya na ce, "Baba, shi ke nan ko?" Ya ce, "Na cire abin da hannuna ya kai."

Na koma gida lafiya, Hajara ta ce idona ya dawo. Amma bara Saratu ta gaya mini Baba Nomau ya rasu, kuma duk gidansu ba wanda ya gaji aikin, ba mai kai riga. Na ce to yanzu me Mai Wuri yake sawa? Ta dube ni ta ce, "Malam, ai kai za a tambaya. A duk duniya kai kaɗai ka rage wanda ya sani, tunda kai ka taɓa sa rigarsa."

Tun daga ranar na hana kaina fita ni kaɗai in dawa ta fara nuna. Ban san abin da yake cikin duwatsun nan ba, ba na kuma son in sani. Shawarata gare ku, musamman 'yan uwana masu sana'a, in an kawo muku aiki ku tambayi na wane ne tun kafin ku sa almakashi, ku kuma faɗa wa mai aikin duk yadda kuke yin naku. Allah Ya tsare mu da abin da ido ba ya gani.