Dannau da Tsohuwar Gidanmu

Ina da shekara goma ko sha ɗaya dannau ya fara zuwar mini. A shekarar da damina ta ƙi ne, ba a daɗe da isowar jirgin ƙasa Kano ba. Gidanmu yana Madabo, a ƙarshen wani lungu da jaki mai kaya ba ya iya shiga. Babana falke ne, fataucin goro yake yi, yakan shafe wata bakwai ko takwas ba ya gari. Mai riƙe da gidan yayarsa ce, Goggo, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ni 'yar fari ce, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma shiga maganata a gaban mutane. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Goggo, a can nake kwana.

Akwai kuma Iya. Baiwa ce ta gado, kakana ya sayo ta daga kudu tun kafin a haifi babana, ita ce ma ta goye shi. Fuskarta duk tsage ne ƙanana, daga goshi har haɓa, kuma har ta tsufa Hausarta ba ta miƙe ba. A da ita ke niƙa da daka da ɗebo ruwa. Da gwiwarta ta hagu ta kumbura sai ta koma kaɗi da tsintar tsakuwa a hatsi. Ba ta da ɗaki. A madafi take shimfiɗa tabarma, dab da ƙofar ɗakinmu.

A shekarar nan tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya koma kunun dusa. Goggo da kanta take ɗibar hatsi da ɗan ƙoƙo, kuma duk ran da ta zuba wa Iya rabonta sai ta ja tsaki.

Gab da asuba abin yake zuwa. Sai in farka, idona biyu, ina ganin azarar rufin ɗaki, ina jin minsharin Goggo, amma ko ɗan yatsa ba na iya ɗagawa. Sai wani abu baƙi ya taso daga wajen ƙofa, ba shi da fuska, ya zo a hankali ya hau ƙirjina ya zauna, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. In so in kira Goggo, harshe ya ƙi. In so in yi a'uziyya, ita ma ta maƙale a wuya. Abin da ke fita kawai wani gurnani ne irin na akuyar da igiya ta shaƙe. Ban san tsawon lokacin da yake ɗauka ba. In ya sake ni sai in ji zanena sharkaf da gumi, wani lokacin ba gumi kaɗai ba.

Ranar farko da na jiƙa tabarma, Goggo ta zane ni da tsumagiya. Na ce mata wani abu ne ya danne ni. Ta ce, "Lalaci ne ya danne ki, gandamemiya da ke." A karo na uku ta sa yaran maƙwabta suka kamo kwaɗo a kududdufi, ta ɗaura mini shi a ƙugu da tsumma, ta aza mini jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, ta turo ni ƙofar gida. Yaran unguwa suka bi ni suna tafi suna waƙar da ake yi wa masu fitsarin kwance. Kwaɗon yana motsi a jikin cikina, sanyinsa kamar na gawa. Aka zaga da ni har bakin masallaci aka dawo. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

Iya ce ta kwance mini kwaɗon da yamma, a bayan madafi. Ya riga ya mutu. Ta wanke mini cikin da ruwan ɗumi, ta ce in gaya mata yadda abin yake. Na gaya mata duka.

Ta ce, "Dannau ne. A garinmu ma akwai shi, wani suna muke ce masa. Ba ya kisa. In ya hau ki kada ki yi kokawa da shi, babban yatsan ƙafarki za ki nema ki motsa. Kuma ina jin kukanki daga nan. In na ji zan zo."

Haka kuwa aka yi. Da ta ji gurnanin sai ta rarrafo da gwiwarta mai ciwo, ta ɗaga asabari, ta dafa ƙirjina ta girgiza ni. Nan take abin ya watse. In buɗe ido sosai in ga fuskarta a kaina, ta sa yatsa a baki alamar in yi shiru, ta koma. Kusan wata guda ban jiƙa tabarma ba.

Wani dare mai farin wata Goggo ta farka ta ga Iya sunkuye a kaina, hannunta a ƙirjina, ni kuma ina gurnani. Ta kwarara salati har maƙwabta suka ji.

Da gari ya waye matan lungunmu suka cika tsakar gida. Goggo ta zaunar da ni a gabanta, ta yi mini magana da wata murya mai taushi da ban taɓa jin ta da ita ba.

"'Yar nan, in abin ya zo, me kike gani?"

Na ce, "Wani abu baƙi, Goggo."

"Ta ina yake fitowa?"

"Ta wajen ƙofa."

"Wajen madafi ke nan." Ta dubi matan. "To in kin buɗe ido, wa kike gani a kanki?"

Na ce, "Iya."

Ban yi ƙarya ba. Amma na san akwai sauran magana, kuma na ji ta a bakina. Kafin in faɗe ta Goggo ta jawo ni jikinta, ta yaye mini zane ta nuna haƙarƙarina. Ta ce, "Ku dubi yarinya! An kama mata kurwa ana ci, ni kuma ina ta dukanta a banza." Duk yaran unguwar haka haƙarƙarinsu yake a shekarar, har 'ya'yan matan da ke tsaye, amma suka yi ta salati suna riƙe haɓa. Goggo ta shiga ɗaki ta fito da fura, ban san ma akwai fura a gidan ba, ta dama da nono ta riƙe mini ludayi. Ina kan cinyarta ina sha. Sauran maganar ta bi furar ta wuce ciki.

Malamin da ke gidan kusa da mu, wani dattijo mai karantar da manya a zaurensa, ya aiko matarsa. Ya ce a gaya wa Goggo dannau sanannen abu ne, ba maita ba ce. A daina barin yarinya ta kwanta rigingine, a yi mata tofi, a kuma ji tsoron Allah a kan tsohuwa. Goggo ta ce, "Ki gaishe da Malam. Ya san littafi, amma bai taɓa kwana gida ɗaya da mayya ba."

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da ni. Maganin wanda mayya ta kama, in ji su, shi ne ta tuɓe ta tsallaka shi sau uku, ta kuskure bakinta a ba shi ruwan ya sha. Aka jawo Iya daga madafi.

Ta ce, "Uwargijiyata, ni na goyi ƙanenki. Ke ma na wanke ki. Yau ni ce mayya?"

Goggo ta ce, "Tuɓe ki tsallaka."

"In na tsallaka na amsa ke nan. Ban ci kowa ba."

Goggo ta ɗauki muciya ta buga mata a gwiwar nan mai kumburi. Iya ta zube. Wata mata da ke sayar da ƙuli-ƙuli, wadda Iya ta sha taya ta ɓarar gyaɗa, ita ta fizge mata zane. Ban taɓa ganin jikin tsohuwa tsirara ba. Fata ce kawai a kan ƙashi, da wasu tsofaffin tabon bulala a baya, waɗanda suka girmi duk wanda ke wurin. Ta sa hannu biyu tana rufe gabanta. Yara sun hau katanga suna leƙe.

Iya ta juyo ta dube ni. Ta ce, "'Yar nan, faɗa musu abin da nake zuwa yi."

Na runtse ido. Har yanzu ina iya jin zafin ranar a kan fatar idona.

Aka ɗaga ta tsaye. Na ji inuwarta ta wuce ta kaina sau ɗaya, tana nishi. Ta juyo ta sake wucewa. A na uku ƙafar ta ƙi ɗaguwa, ta faɗo a kaina, ba ta da nauyi ko kaɗan. Matan suka ce da gangan ta yi, suka rufe ta da duka, wannan da mafici, wannan da itacen wuta. Sai aka kawo ruwa a ƙoƙo aka ce ta kuskure baki. Ruwan da ta zubo ja ne, don an fasa mata leɓe. Goggo ta tallafe kaina, na shanye.

Da aka gama, Goggo ta jefa mata zanenta da mazarinta na kaɗi. Ta ce, "Ai an ce Nasara sun hana bauta. To ke 'ya ce daga yau. Ga hanya nan."

Iya ta ce, "Ina zan je? Ban san ko'ina ba sai gidan nan."

"Ki je wurin Nasaran su ciyar da ke."

Ta fita tana dafa bango. Yaran da suka yi mini waƙar kwaɗo su suka raka ta da jifa har bakin lungu. Babu gidan da ya buɗe mata ƙofa, don ba mai saukar da mayya. Mahaifiyata ta shige ɗaki tun da aka fara, ba ta fito ba sai magariba, idonta a kumbure.

Kwana uku na yi barci lafiya, Goggo tana ta gaya wa mutane magani ya ci. A dare na huɗu ya dawo. Ya taso ta wajen ƙofa kamar yadda ya saba, ya hau ya zauna. Na yi ta jiran a ɗaga asabari. Da na tuna, sai na nemi yatsan ƙafata, da ƙyar na same shi, na motsa, abin ya sake ni. Na kwanta ina haɗiye kuka don kada Goggo ta ji. Da safe ta tambaye ni yadda na kwana, na ce lafiya lau. Tun daga ranar na koyi danne gurnanin. Na daina shan ruwa daga la'asar saboda tabarma.

Bayan kamar wata guda Goggo ta tafi da ni kasuwar Kurmi sayen kanwa. A gefen rafin Jakara mutanen ƙauye da yunwa ta koro suna zube, wasu a zaune, wasu an rufe su da tsumma ba a san ko barci suke ba. Goggo ta tsaya gaisawa da wata. A nan na ga Iya jingine da wani bango. Ƙafar ta kumbura har ta fashe, ƙudaje sun rufe ta. Tsagen fuskarta ne ya sa na gane ta.

Ita ma ta gane ni. Na zaci za ta zage ni, ko ta yi mini baki. Ta yafito ni da hannu, na matsa kaɗan.

Ta ce, "Yana zuwa har yanzu?"

Na waiga, Goggo tana nan kusa. Na ce, "A'a. Tun da kika tafi bai sake zuwa ba."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "To, madalla," ta mai da kanta jikin bango. Na ruga na kama gefen mayafin Goggo. Ban sake ganin ta ba. Wani mai kawo mana itace ya ce an kwashe ta da wasu da safe an kai bayan ganuwa, rami ɗaya aka yi musu.

Babana ya dawo da kaka. Ya zauna a tsakar gida ana sauke kaya, ya ce, "Ina Iya?" Goggo ta ba shi labari yadda ta tsara shi, ta kira ni shaida. Ya dube ni ya ce, "Haka ne?" Na ce haka ne. Ya murza gemunsa. Can ya ce, "Allah ya kyauta," ya tashi ya koma wurin jakunansa. Da daddare na ji shi shi kaɗai a zaure yana jan hanci. Bai sake ambaton ta ba har ya bar duniya.

Dannau bai rabu da ni ba sai da na haifi ɗana na biyu. Ban taɓa gaya wa mijina ba.

Goggo ta yi tsawon rai, ta makance, kuma a hannuna ta ƙare, don ba ta haihu ba. Na ɗauko ta na kawo ta gidan aurena a Zaitawa, ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta. Wata rana da hantsi ina tsefe mata kai, na ga daga ni sai ita, na ce, "Goggo, akwai abin da na daɗe ina so in gaya miki. Iya ba mayya ba ce. Tashina take zuwa yi. Kuma abin bai daina zuwa ba bayan an kore ta, ɓoyewa na yi."

Na ɗauka za ta firgita. Ko motsi ba ta yi ba.

Ta ce, "Wa ya ce miki ban sani ba? Ɗaki ɗaya muke kwana, ina jin ki. Hatsin da ya rage ba zai kai mu kaka mu huɗu ba, na auna na sake aunawa. Da wa kike so in fitar, uwarki?"

Tsinken tsifar yana hannuna.

Ta ce, "Ƙarasa mini kan nan, ki miƙo mini kununa kafin ya huce."

Na ƙarasa, na miƙa mata.