Kakana Mai Ɗanɗanar Ruwa

Jiya da hantsi na ji ƙamshin taɓo a bakin tafkin Madarumfa, sai kakana ya faɗo mini a rai. Tsohon falke ne, duk garin da ya sauka sai ya fara ɗanɗana ruwansa.

Shekarar da mahara suka ƙone rumbunanmu, na ce masa zan kwashe iyalina mu bi ayari. Ya kai ni bakin tafki, ya kamfato ruwa ya kurɓa, idanunsa a lumshe.

Ya ce, "Na sha na Bilma, na sha na Gwanja, wannan kaɗai ke kashe mini ƙishirwa. Dakata damina guda, abokina."

Na dakata. Gero ya yi kyau, shi kuwa bai kai ga girbi ba. Allah ya haskaka makwancinsa.