Kafin a Maido da Wuta

Injiniya ya koyi aikin lantarki a zamanin da gida ke wadatuwa da ƙwan fitila biyu da rediyo a kan kabad. An koya masa ya gwada kowane abu shi kaɗai: waya daban, fis daban. Haka ya yi aiki har furfura ta cika masa kai, bai taɓa ɗaura wayar da ta ba shi kunya ba.

A shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya, taransifomar unguwarsu ta ƙone sau biyu. Ya kwance ta, bai ga laifinta ba. A falonsa ya gano dalili. Duk sanda aka ɗauke wuta, matarsa takan bar komai a kunne don ta san an kawo: firji, fanka, injin jan ruwa, dutsen guga. Maƙwabta ma haka. Kayan gida ɗaya ba komai ba ne, amma da wuta ta dawo sai unguwa duka ta rufar wa taransifomar lokaci guda.

Ta ukun da aka dasa ita ce ta ƙarshe a sito. A ɗaya daga layukanta kuma akwai asibitin haihuwa, inda jikansa bakwaini ke kwance cikin kwalba, janaretan asibitin yana tari tun safe.

Kafin a kunna ta, ya bi shaguna yana roƙon a kashe kaya. Tela ya ce, “Baba, in na kashe, mai walda zai kashe? Shi zai shanye rabona.” Mai walda kuma ya nuna mai ƙanƙara.

Injiniya ya koma gindin turken taransifomar, ya ce wa Dogo, mai hawa masa sama, “Zare fis ɗin kowane layi. Asibiti kaɗai za ka bari.”

“Oga, za su ci mu ɗanye.”

“Zare.”

Aka kunna. Taransifoma ta yi gurnani, allurar mita ta zabura, ta yi rawa, sannan ta kwanta. Sai da ta kwanta sosai ya ce a ƙara layi ɗaya. Jama'a sun kewaye su cikin rana, kowa na faɗin sunan layinsa. A layin masu walda allurar ta kusa taɓa ja. Dogo ya leƙo daga sama. Injiniya ya ɗaga masa hannu ya jira, gumi na bin wuyan rigarsa, har allurar ta sauko.

Saura layi ɗaya, nasa. Sai ga kiran matarsa.

“Baban yara, kowa ya samu sai gidan mai wutar?”

“Yaron fa?”

“Uwarsa ta kira. Kwalba ta ɗau ɗumi, yana barci.”

Ya jingina da turken. “To, kashe dutsen gugar nan, ga taku nan zuwa.”

“Wa ya ce maka a kunne yake?”

Ta cikin wayar ya ji takunta, ya ji ƙas ɗin makunni, sannan ya ce wa Dogo ya mayar da fis ɗin.