"Da Sauƙi" Ta Kusa Kai Ni Kabari

Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar me ya sa ba a jin muryar ladan a masallacin layinmu na Aboabo a Kumasi, yau ga amsarku.

Wata Talata ina tsakiyar kiran la'asar na ji kamar an caka mini wuƙa a ƙirji ta dama. Numfashi ya tsaya rabi. Na dai ƙarasa, don ban san yadda ake barin kiran sallah a hanya ba.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce huhun dama ya sace kamar tayar keke. Suka huda tsakanin haƙarƙarina, suka zura roba, ɗaya bakin robar yana cikin kwalbar ruwa a ƙarƙashin gado. Kwana shida ina kallon kumfa. In na yi tari, kwalba ta amsa.

Aka cire roba, aka sallame ni. Aka ce in koma bayan sati biyu, ko kafin nan idan na ji wani abu.

Tun kwana na uku na ji wani abu. Zazzaɓi da yamma. Nauyi a gefe. Daga ɗaki zuwa wurin alwala sai na huta.

To mu a gidanmu ba a faɗi. Kakanmu Baba Mamman ya taka da ƙafa daga Nijar zuwa Kumasi fataucin goro, shekara ɗari da suka wuce. An ce yatsansa ya ruɓe a hanya, wanzami ya guntule, bai ce wash ba. Da wannan labarin aka yaye mu. Duk wanda ya shigo dubiya, "Malam, ya jiki?" sai in ce da sauƙi. Na yi ta faɗa har na fara yarda.

Ranar komawa likita ma ya tambaya. Na ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Bakina ya riga ni.

Matata Hajara na zaune a baya. Shekara sha tara ba ta taɓa musa mini a gaban mutane ba.

"Dokta, ƙarya ne," ta ce. "Malam bai cin abinci koraa, ko kaɗan. Sallah ma a zaune. Ni nake wanke riga nasa, zufa kawai."

Likita ya ƙwanƙwasa bayana da yatsa. Hagu ya amsa. Dama shiru, sai ka ce bango. Ya sa allura, ruwa ya fito ruwan ɗorawa, mai kauri.

"Malam, ruwa ya taru inda muka sa robar, har ya fara zama mugunya. Da ka ƙara sati ɗaya..." Bai ƙarasa ba.

Roba ta biyu. Sati uku a gado. Allura safe da yamma. Nas ta ba ni balan-balan in riƙa hurawa don huhu ya buɗe, ni da furfurata.

Gaskiya ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba. Hajara na kuka, ni ina kallon fanka. Aka ce an sa wani yana kiran sallah a madadina, na ce to.

Jiya na kira azahar. Inda nake ja da numfashi ɗaya, yanzu sai uku. Liman ya ce, "Malam, ya jiki?" Na ce, "Gefen dama yana ja, kuma na gaji." Ya yi sororo yana kallona, gaisuwar ta ɓace masa.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da ku da kuka yi ta addu'a kuna aiko da koko da ƙosai.

Idan an taɓa sa muku roba a ƙirji, zazzaɓi ko nauyi ya biyo baya, kada ku jira ranar da aka rubuta muku. "Da sauƙi" ta masu dubiya ce, kada ku kai ta gaban likita. In bakinku irin nawa ne, ku tafi da wanda zai iya ƙaryata ku.

Har yau ban iya buɗe baki na ce wa Hajara na gode ba. Shi ma gadon gidanmu ne. Amma na san za ta karanta wannan.